Rigar Dalmar da Na Ninke

Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin hoto na wani asibiti a Jega, ban taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba. Aikina shara, goge tebur, turo marar lafiya, da riƙe wanda ba ya iya tsayuwa. A takarda atenda anka rubuta, wato mai hidima. A baki kuwa Baban Hoto ake ce mani, tun ban kai a kira ni baba ba.

Aji huɗu na yi a firamare a garinmu, Jiga Makera, na fita na bi mahaifina fadamar albasa. Shekarar da albasa ta ruɓe mana tun ba mu kai ta Aliero ba, na zo Jega neman abin yi. Wurin nan na same shi ne don ba mai son shi. Mutane na cewa hasken ɗakin yana shanye jini, yana kashe haihuwa. Ni lokacin yunwa ta fi kusa da ni, na karɓa.

Ina da mata a lokacin. Ciki uku ta yi, duk sunka zube. Na farkon ya zube tun ban san hanyar asibitin ba, amma wannan ba wanda ya tuna da shi, har ita. 'Yan uwanta sunka ce hasken ne nake kwasowa a jiki ina kai mata gida. Ta nemi takardarta, na ba ta. Ta auri wani mahauci a bayan kasuwa, yanzu 'ya'yanta biyar. Nakan gan su ranar kasuwa. Ban sake aure ba. Ɗaki ɗaya nake haya a Jega Firchin, ni da rediyo da buta. Na faɗi wannan ne don a san abin da ke cikin kaina game da hasken nan, ba don a ji tausayina ba.

Shekaru da yawa hoton ƙashi kaɗai muke yi, ni da mai ɗaukar hoton, wanda nake ce wa Oga. Yawancin masu zuwa 'yan kabu-kabu ne da sunka karye, masu ɗori na Aliero su turo su a ga yadda ƙashin ya kwanta. Sai anka kawo mana wata na'ura babba, mai nuna cikin mutum yana motsi a allo kamar talabijin. A ba mutum wani farin kunu ya sha, a taka feda, ka ga kunun yana gangarawa a maƙogwaro har tumbi. Ita wannan na'urar ba a ɓuya mata bayan bango kamar hoton ƙashi. Dole likita ya tsaya gab da tebur, hasken na aiki, yana juya marar lafiya yana kallo. Shi ya sa ake sa rigar dalma, wata riga mai nauyin tsiya da ke rufe mutum daga wuya zuwa gwiwa.

Tare da na'urar anka turo mana likitar hoto. Mace, yarinya a idona, amarya ce ma, mijinta ɗan Maiyama ne. Ita kaɗai ta iya aikin a duk yankin. Ranar Laraba anka ware mata, kuma mafi yawan masu zuwa mata ne da sunka daɗe ba su haihu ba, ana duba masu ko hanyar mahaifa ta toshe. Daga ƙauyuka suke zuwa tun da sassafe, su jeru a benci, ba mai kallon 'yar uwarta. In za a yi masu nakan fita, nas ta shiga.

Likita ba ta da yawan magana, amma ita ce ta fara gaishe ni da safe kafin in gaishe ta. A asibitin nan ba a taɓa yi mani haka ba. "Baba, an tashi lafiya? Ya ƙafar?" Don ta lura ina ɗingishi in damina ta kama. Wata rana da ta ji nas-nas na tsokanata da zancen matata, ta kira ni ta ce, "Baba, hasken nan ba ya bin mutum gida. In an ɗaga ƙafa daga feda ya ƙare, kamar ka kashe tocila." Na ce to. Ban yarda ba, amma na ji daɗi da ta faɗa.

Rigunan dalma biyu muke da su. Akwai tsohuwa, ruwan toka, duk shatin zufa, tana rataye a ƙusa bayan ƙofa tun kafin in zo. Ita Oga ke sawa, ni ma in zan riƙe wani. Sai sabuwa shuɗiya da ta zo da na'urar, ta Likita.

To ga inda na yi ɓarnar. A gidanmu ba a rataye rigar babban mutum a ƙusa. Ƙusa ta rigar gona ce. Mahaifina babbar riga ɗaya gare shi, ta Juma'a, kuma tun ina ƙarami ni ke ninke ta. A haɗa kafaɗu, a karya ta biyu a tsakiya, a sake karyawa, a sa a adaka a ɗora abu mai nauyi don ta kwanta. Ga shi kuma rufin ɗakin hoto na yoyo, ga ɓeraye. Na ga bai dace rigar Likita ta kwana a bango kamar buhu ba. Kullum in ta tashi aiki sai in goge rigar, in ninke ta ninkin babbar riga, in sa a kabad, in ɗora mata kwalin tsofaffin hotuna. Da safe kafin kowa ya zo in fiddo ta, in warware, in rataye. Ba wanda ya sa ni. Ba wanda ya taɓa gani. Har alfahari nake a raina. Ta Oga kuwa ban taɓa ninke ta ba, don ban ga girman da zan ba shi ba.

Shekara biyu ina wannan.

Cikin Likita ni na fara ganewa, ina jin tun kafin surukarta. Wani manomi daga Aliero da ta duba wa mahaifiya ya kawo mata buhun albasa, ya aje a bakin ƙofa. Ta shigo, ta ja numfashi ɗaya, ta juya da sauri ta yi bayan ɗaki. Da ta dawo ta ce, "Baba, ɗauke ta, na ba ka." Bayan nan na ga tsamiya a aljihun teburinta. Na ga ta daina shayi. Na ga in za a taka feda takan ƙara ja da baya taki ɗaya. Akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana da take maƙalawa a wuyan riga, mai auna yawan hasken da mutum ya sha. Sai na ga ta samo na biyu, tana sa shi a ƙugu, ƙarƙashin rigar dalma. Na zauna da mace mai ciki sau uku. Ba sai an gaya mani ba.

Amma ba a faɗa. Cikin fari ne, ko uwarta ba za ta buɗe baki ta gaya wa ba, balle ni, namiji, bare, mai shara. Ita ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Abin da na iya yi shi ne na ƙara kula da rigar. Na ƙara mata kwali na biyu don ta kwanta da kyau.

Wata Talata Oga ya yi sammako, don ruwa ya rushe masu katanga ya rasa inda zai zauna. Ya shigo ya same ni durƙushe gaban kabad, ina ɗaga kwali.

"Kai tsoho, mi kaka yi nan?"

"Rigar Likita nika fiddowa."

"Daga ina?"

Na nuna mashi. Ya dubi rigar a ninke, ya dube ni. Ya cire hularshi ya riƙe a hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun randa anka kawo ta."

"Innalillahi. Kai wane irin baƙauye na? Shadda ce? Sallah za ta da ita?"

Ya sa anka tada janareta. Ya shimfiɗa rigar a tebur inda marar lafiya ke kwanciya, ya ja ni bayan gilashi, ya taka feda. Ya ce in dubi allo. Rigar ta fito baƙa wuluk, sai wani farin layi da ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, da wasu ƙanana sun fita daga jikinshi kamar ƙasar fadama in ta bushe ta tsage. Ya ce baƙin nan dalma ce, ta tare haske. Farin nan kuwa inda dalmar ta karye ne a ciki, haske na wucewa. Daga waje ba a gani, rigar sumul take.

Ban yi karatu ba, amma na san inda nake karya riga biyu. Daidai cibiya.

Ya ɗauko tsohuwar tashi mai ɗoyi ya gwada. Ko ɗigon fari babu.

Oga ya zauna a kan kujera yana goge fuska. Ashe aikinshi ne ya riƙa gwada rigunan nan lokaci-lokaci, bai taɓa yi ba. Ya ce, "Saurara. Ba ka ga komi ba, ban ga komi ba. Zan rubuta a kawo sabuwa, in ce wagga ta tsufa. Kafin nan ta yi ta sawa, ai ba mutuwa za ta yi ba. In maganar ga ta fita, ni takardar gargaɗi za a ba ni. Kai ko, ko sallama ba za a yi maka ba. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Shi bai san abin da na sani ba. Kullum idonshi na kan waya.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na je wurin mai shayi da la'asar, na zauna, shayin ya huce a gabana. Ina da shekara hamsin da wani abu, ba gona, ba ɗa, ƙafa ɗaya ta fara ƙi. In anka kore ni ban san ƙofar da zan nufa ba. Na yi ta juya wannan. Sai kuma in tuna wata huɗu ke nan tana tsayawa gaban na'urar duk Laraba, ta amince da rigar nan, ta ɗaure ta a kan cikinta. Gobe kuma Laraba. Na so in samu wanda zan yi shawara da shi, na duba duk Jega ban ga kowa ba. Zancen cikin matar wani ba abin da za ka kai majalisa ba ne.

Da safe mata bakwai na benci. Likita ta shigo, ta gaishe ni, ta wanke hannu, ta miƙo hannu in ba ta rigar kamar kullum. Oga na tsaye bayan gilashi yana harara ta. Na riƙe rigar a ƙirji ban miƙa ba.

"Baba, lafiya?"

"Likita, wagga riga ba ta sawuwa."

"Me ya same ta?"

"Ni na karya ta. Ninke ta nika yi kullum in kin tashi."

Oga ya yi wuf ya ce, "Likita, ƙyale tsohon ga, 'yar tsaga ce kaɗan, na ma rubuta..."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ba ke kaɗai ke cikin rigar ba."

Nas ɗin da ke shirya tebur ta tsaya da audiga a hannu. Likita ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta ta rufe gabanta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kamar na yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ni ma ƙasa na duba.

Ta karɓi rigar da kanta ta shimfiɗa, ta koma bayan gilashi ta taka feda. Ta daɗe tana kallon farin layin. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni tun yaushe, na gaya mata. Ta tambaye ni dalili.

Na ce, "Na ga ba ta dace da ƙusa ba."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta zauna. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta ciro ɗan ma'aunin na ƙugu, ta aje a tebur tana kallonshi. Shi ba ya nuna komi da ido. Sai an aika da shi can nesa an karanta, kuma yakan yi watanni kafin amsa ta dawo. In tana son a gaggauta, sai ta rubuta wa shugaban asibiti dalili. Ta jawo takarda ta rubuta. Abin da ta ɓoye wa uwarta, ta rubuta shi da biro ta sa hannu, ta ba masinja.

Ta so ta sa tsohuwar rigar ta gama da matan da ke jira. Kafin ta ɗaura, shugaban ya iso da kanshi. A gabana sunka yi. Ta ce mashi mai ciki na iya wannan aikin in rigar lafiya take kuma ana auna haske, haka ake yi ko'ina. Ya ce shi ba zai ɗauki alhakin ba, in wani abu ya faru mijinta shi zai tuhuma. Ta ce to waye zai duba matan nan? Ya ce a tura su Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ya tambayi wanda ya lalata rigar. Ta ce, "Ba a koya wa ma'aikata yadda ake ajiye ta ba. Ni ya kamata in koya." Ba ta dubi inda nake ba.

Ni anka sa in gaya wa matan su tafi. Akwai wata daga Birnin Malam, ba yarinya ba ce, ta kusa arba'in. Gwajin nan yana da kwanakinshi a wata, in sun wuce sai wani watan. Sau biyu tana zuwa ba wuta, janareta kuma ba mai. Ta ce, "Baba, mi ya faru kuma?" Na ce an dakatar da aikin. Kafin in rufe baki wata mai shara ta riga ta raɗa masu dalili. Matar ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta ce da ƙarfi yadda za a ji a ciki, "To, ita ta samu nata, ta rufe muna ƙofa. Allah shi raya." Likita na ciki. Ta ji.

Daga ranar ɗakin ya canza. Anka lulluɓe na'urar da zanen gado. Anka mai da Likita wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, tana karanta hotunan ƙashi, aikin da ba ta so. Ma'aikata maza sunka samu abin faɗa a gindin darbejiya: shi ya sa ba a son ba mace irin wannan wuri, gwamnati ta kashe dukiya ta kawo inji, ciki ɗaya ya tsai da shi. Ma'aikata mata kuma sunka rabu biyu. Wasu na cewa ta yi ganganci da ta yi wata huɗu tana shan haske don son aiki. Wasu na cewa raki ne, su har ranar naƙuda suna ɗaga marasa lafiya. Duk wanda ya wuce ofishinta sai ya saci kallon cikinta. Ta daina fitowa sai in za ta tafi gida.

Oga ya daina yi mani magana. In yana son abu sai ya ce wa bango, "A kawo na gaba." Ya samu takardar gargaɗinshi. Ni ba a kore ni ba, amma anka sa mani suna Mai Guga, wai mai gugar kaya. In na wuce sai wani ya ce, "Mai Guga, ga rigata, amma kar ka karya." Nakan wuce abina.

Likita ba ta daina gaishe ni ba, sai dai gaisuwar ta gajarce. Ba ta ƙara tambayar ƙafata ba. Ban ga laifinta ba. Duk safiya nakan share bakin ofishinta kafin ta zo, in tafi kafin ta iso. Ranar Laraba benci ba kowa. In zauna ni kaɗai da na'ura a lulluɓe kamar gawa, in yi ta lissafin Larabobin da ta yi da rigar nan. Sha shida nake samu, wani lokaci sha bakwai.

Bayan sati biyar ta aiko a kira ni. Takarda na gabanta. Ta ce, "Baba, amsa ta zo. Abin da ma'aunin ya sha kaɗan ne, bai kai inda ake tsoro ba. Ina tsayawa nesa, kuma ba na daɗewa a kan feda. Ka kwantar da hankalinka."

Na ce, "A kan tsagar rigar ma'aunin yake, ko gefe?"

Ta dubi takardar. Ta ce, "Kusa da shi."

Na gode mata na fita. Takarda ba ta taɓa kwantar mani da hankali ba. Ni ma an taɓa ba matata takarda an ce komi lafiya.

Da watan ya kama ta tafi hutun haihuwa gidan mijinta a Maiyama. Ba ta yi sallama da kowa ba, haka ake yi. Na shiga jira. Ba wanda zan tambaya, don in na tambaya dariya za a yi. Wata safiya na ga ana rabon goro da alewa a ofishin nas-nas. An haihu, mace, suna ranar Asabar. Na ce, "Lafiya lau?" Wata ta ce, "Mai Guga, kai ne ungozoma?" Anka yi dariya. Ba a ba ni amsa ba.

Ba a gayyace ni ba, goron na kowa da kowa ne. Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na tafi tasha, na shiga motar Koko, na sauka Maiyama. Na sa rigata ta Juma'a. Gidan ba wuyar ganewa, tabarmi sun cika ƙofa. Na zauna a ƙarshen tabarma kusa da takalma. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Liman ya raɗa suna, anka shafa fatiha, anka yanka rago, anka raba dabino. Maza sunka fara watsewa. Na ga ban samu abin da ya kawo ni ba, kuma namiji bare ba ya shiga cikin gida. Ita ma mai jegon fari ba ta fitowa, ba ta ko ɗaga ido ta dubi ɗiyar a gaban mutane.

Na tsaya a bakin zaure ina jiran wanzami ya fito daga aski in tambaye shi, don su suna ganin jariri tsirara. Sai ga wata tsohuwa ta leƙo, da goyo a hannu cikin farin tawul.

"Wane na Baban Hoto?"

Na ce ni ne.

"Uwar ɗiyar ga ta rasa kunya yau. Ta hango ka ta taga, ta ce a kawo maka ka gani. A gaban surukai! Ungo, riƙe da kyau."

Ban taɓa riƙe jariri ɗan kwana bakwai ba. Na zauna a dakalin zaure don kar ƙafar ta ci amanata. Ba ta kai rabin nauyin rigar dalma ba. Kanta sabon aski, sai sheƙi. Na buɗe tawul ɗin. Na ƙirga yatsun hannu, na ƙirga na ƙafa, na sake ƙirgawa. Na duba kunnuwa. Na juya ta na dubi bayanta. Na tafa hannu kusa da kunnenta, ta zabura ta tsala kuka.

Tsohuwar ta ce, "Kai, bawan Allah! Tunkiya ce kaka taya? In haƙora kaka nema, ba su fito ba tukun."

Na ce, "Lafiyarta lau."

"Da wa ya ce maka ba lafiya ba? Maido muna abinmu. Dubi yadda ka warware ta, ko naɗe tawul ba ka iya ba."

Na ce, "Naɗe shi da kanki, Inna. Ni na bar ninki."

Ta karɓe ta ta shige. Na ji kukan yana nisa cikin gida har ya ɓace cikin hayaniyar mata. Anka aiko mani da tuwo da nama a kwano, na ci a zaure ni kaɗai. Rabon da in cinye abinci tas tun ranar Talatar nan. Na so in aika da godiya, ban ga wanda zan aika ba. Na aje kwanon na kama hanyar tasha.

Likita ba ta dawo ba. An yi wa mijinta canjin wurin aiki, ta nemi nata ta bi shi. Wasu sun ce maganganun da anka yi ta yi ne sunka kore ta. Ban sani ba, ba ta gaya mani ba. Ba a turo wani likitan hoto ba har yau. Matar Birnin Malam na ƙara ganinta sau ɗaya, ta zo ta leƙa ta ga zanen gado a kan na'ura, ta juya. Ban san ko ta je Sakkwato ba.

Sababbin riguna sun iso wata uku bayan tafiyar Likita. Guda biyu, da abin ratayewarsu na ƙarfe mai faɗin kafaɗa. Oga ya kafa shi a bango, ya ce wa bango, "A rataye, kar a ninke." Suna nan a rataye. Duk safiya nakan goge su, ba mai sawa.

Akwai direban da ke jigilar Maiyama, maƙwabcin gidan surukanta ne. In na gan shi a tasha nakan tambaye shi yarinyar. Bara ya ce sun zo hutun sallah, tana gudu, har ta fasa wa kakarta tulu. Na ce tana magana? Ya ce ai ba ta yin shiru. Ya ce, "Wai mi ya haɗa ka da ɗiyar mutane?" Na ce ba komi, na biya mashi shayi.